Gonar da Manhajarmu Ta Ƙi Karɓa

Mu uku ne, kuma tun muna sakandare muke tsokanar juna da garuruwanmu. Ɗayanmu ɗan Bakura ne, ɗaya ɗan Talata Mafara, ɗaya ɗan Maradun. Allah da ikonsa, kowane gari cikin ukun nan ya ba jihar Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka in gardamar siyasa ta kaure a tsakaninmu, babu mai bakin yi wa wani gori. Kowa yana da abin tutiya, kowa kuma yana da abin sunkuyar da kai. Abu ɗaya ne ba mu taɓa musu a kansa ba, wato ruwan Bakolori. Shi muka sha muka girma, shi ya noma shinkafar da aka sayar aka biya mana kuɗin makaranta, har muka je jami'a muka karanto ilimin kwamfuta.

A ƙarshen 2020, hunturu ya fara kaɗawa ana shirin noman rani, wata ƙungiya ta ba mu aikin rubuta manhaja don manoman wani yanki da ke shan ruwan madatsar. Aikin bai yi mana kama da mai wuya ba. A yi rajistar gonaki, a san mai kowace, a riƙa tura masa saƙo a waya ranar da ruwa zai iso layinsa da ranar rabon taki. Muka zauna a ɗaki mai fanka muka tsara rumbun bayanai cikin kwana uku. Kowace gona lamba ɗaya, mai ita ɗaya, abin da aka shuka ɗaya. A takardar neman aikin har mun rubuta cewa wannan zai kawo juyin juya hali a noman rani. Mun rubuta hakan ne da zuciya ɗaya, ba don yaudara ba.

Ranar farko ta rajista muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiyar darbejiya, manoma suka yi layi. Mutum na bakwai ko na takwas wani dattijo ne mai farin gemu, da fartanya a kafaɗa. Muka tambaye shi gonar wa za a rubuta. Ya ce ta mahaifinsu ce, su biyar suka gada, ba a raba ba. Ɓangaren gabas yana jingine a hannun wani ɗan kasuwa tun bikin da aka yi shekara biyu baya. Gefen magudana ƙanwarsa ke nomawa. Shi kuma bana aron sauran ya karɓa daga 'yan'uwansa. Muka ce to me ya shuka? Ya ce masara, da wake a tsakani, da kuɓewa a kan kunya, da ɗan yakuwa don masu gida.

Muka danna, manhaja ta fito da jan rubutu. Muka sake, ta sake ƙi.

"Samari, mi yac ce, wanga abu naku?"

"Baba, ya ce sai an zaɓi mutum ɗaya."

Ya yi murmushi, ya gyara fartanyarsa. "To ku zaɓa mishi. Haka waɗancan sunka yi."

"Su wa, Baba?"

"Masu awo. Su ma da takardu sunka taho, awa ku. Da anka gama baje ƙasa anka ce kowa shi koma gonatai, ina iyaka? Ɗorawa ce iyakarmu, an sare ta. Akwai suri gabas, an baje shi. Su ba su tambaye mu ba. Ku kun tambaya, amma ba ku ji ba."

Muka yi dariyar yaƙe, muka jefa sunansa cikin wani jeri da muka raɗa wa suna "bayanan da ba su cika ba", da niyyar za mu waiwaye shi. Kafin magariba wannan jeri ya kusa kamo na masu cikakkiyar rajista. A hanyar komawa gida muna cewa matsalar manomanmu rashin tsari ne.

Dukanmu an haife mu ne bayan an gama madatsar. A gidajenmu tsofaffi sun raba zamani biyu, kafin dam da bayan dam, yadda ake cewa kafin Turawa da bayan Turawa. Amma labarin da muka tashi da shi guntu-guntu ne, in an fara shi sai wani babba ya ce a bar tone-tone. Maganar dattijon nan ce ta sa muka nemi abin da aka rubuta muka karanta.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto bayan nazarin shekaru a kan gulbin Sakkwato da na Rima. Shawararta ita ce a yi madatsa madaidaiciya a wajen Talata Mafara, a bi a hankali, kada a rikita noman da mutane suka saba. Sai kuɗin man fetur suka shigo. Gwamnatin soja ta ba kamfanin Impresit, mai alaƙa da Fiat na Italiya, aikin tsarawa da ginawa, aikin kuma ya kumbura. Aka fara gini a 1974 aka gama a 1978. Bango mai tsawon kilomita biyar da rabi, tafki mai faɗin hekta 8,000 da zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, da burin shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Mafi yawan wannan fili an tsara za a shayar da shi ne da bututun feshi, waɗanda sai da injin famfo da wutar lantarki suke aiki.

Tafkin ya haɗiye gidaje da gonakin dubban mutane, aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai irin su Sabon Maradun, a kan tudun da bai kai fadamar da suka bari albarka ba. A filin ban ruwa kuma aka karɓi gonaki don a baje su a haƙa magudanai. Wasu suka yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba. Itatuwan amfani suka tafi. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo ma ba ta kai ga kowa ba. Manoma suka kai kuka wurin sarakuna, suka je kotu, da abin ya ƙi suka fara tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi diddigi daga wajen gwamnati suka ce sun haura 380. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na Green Revolution, wato juyin juya halin noma.

Mun daɗe muna juya wannan suna a bakinmu, domin shi muka ara muka sa a takardarmu. Asalinsa daga gonakin gwaji ya fito. Norman Borlaug, wani masanin tsirrai ɗan Amurka, ya fara aiki a Meziko a 1944. Ya shafe kusan shekara ashirin yana aurar da irin alkama da wani iri, yana zubar da dubbai da suka gaza, kafin a samu gajeruwar alkama mai jure tsatsa wadda ba ta kwanciya in ta sha taki. A Filifin ma haka aka yi har aka fitar da shinkafar IR8 a 1966. Indiya da Pakistan suka karɓa, amfanin gonarsu ya ƙaru ƙwarai, aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Abin da duniya ta gani shi ne sakamakon. Tarin gwajin da ya faɗi, wanda aka rubuta ɗaya bayan ɗaya aka koyi darasi da shi, bai shiga jarida ba. Da abin ya iso gare mu, sunan aka kawo, da taki, da injuna, da ranar ƙaddamarwa. Haƙurin gwadawa da yarda da kuskure an baro su a can.

Wani malamin tarihin kimiyya, Thomas Kuhn, ya yi bayani a littafinsa na 1962 da ya taɓa mu sosai da muka karanta shi bayan ranar darbejiya. A ganinsa, masu bincike sukan yi aiki ne cikin wani tsarin tunani da suka gada. In sakamako ya fito wanda bai dace da tsarin ba, sai a ture shi gefe a ce kuskuren awo ne. Haka za a yi ta turewa har tarin ya yi yawan da ba a iya kau da kai, sannan wani ya zo ya ce ba awon ne ya karkace ba, tsarin ne. Shi da kansa ya kwatanta wannan da juyin siyasa, wanda ke farawa in wani ɓangare na jama'a ya ga hukumomin da ke akwai sun daina amsa kukansa. Muna karantawa muna tuna jerinmu na bayanan da ba su cika ba. Ashe ba manoman ne ba su cika ba. Rumbun da muka gina ne bai ɗauki gona yadda take ba.

Sai dai akwai inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma Bakolori ta nuna mana wurin. Mai bincike, ko da ya yi gardama shekara ashirin, a ƙarshe darajarsa tana ga gano inda aka yi kuskure. Mai mulki kuwa in ya riga ya yanka kintinkiri, ya ci bashi, ya yi jawabi a rediyo, duk wanda ya zo da labarin cewa abin bai tafi daidai ba ya zama abokin gaba. Manoman da suka tare hanya a 1980 sakamakon gwaji ne da ya fito da ƙafafunsa yana magana. Da a ɗakin bincike ne, da an rubuta su an koma an duba lissafi. A fagen mulki sai aka aika musu da bindiga. A sana'armu kowace manhaja tana da littafin da take rubuta kurakuranta, kuma yaron da ya fara koyo jiya ma ya san kuskuren da ba a rubuta ba, ba a gyara shi. Tsakanin ashirin da 'yan kai da 380 akwai mutane masu suna, masu 'ya'ya, waɗanda har yau ba a zauna an ƙirga su a hukumance an rufe lissafi ba.

Kuma ba wai babu masu binciken da suka gani ba. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta yadda rikicin ya faro da yadda ya ƙare. William Adams daga Ingila ya bi gulbin zuwa ƙasa a farkon shekarun 1980, ya auna abin da masu tsara madatsar ba su sa a lissafi ba. Ambaliyar da ke sauka kowace damina ita ke jiƙa fadama a noma shinkafa, ita ke cika tafkuna da kifi, ita ke barin laimar da ake noman rani da ita. Da aka tare ta, dubban hektocin fadama a ƙasan madatsar suka rage amfani, masunta suka rasa kamu. An ƙirga hektocin da za a samu a sama, ba a cire waɗanda za a rasa a ƙasa ba. Bututun feshin nan kuwa, da wuta ta gaza aka rasa kayan gyara, suka tsaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, abin da ake nomawa da ruwan madatsar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na burin farko ba, shi ma ta magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, darasin da dattijon ya ba mu an riga an rubuta shi tun kafin a haife mu, kuma a nan Arewa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda har tasha take da ita a Talata Mafara, ta daɗe ana koya wa manomi cewa ci gaba shi ne shuka iri ɗaya a gona ɗaya, layi-layi. Daga tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa suka ɗauki wata hanya. Suka zaɓi ƙauyuka a ƙasar Zazzau, irin su Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, aka riƙa ziyartar magidanta akai-akai tsawon shekara ana rubuta aikin da suka yi da abin da suka girba. Sakamakon ya nuna manomin da ke haɗa gero da dawa da wake ba jahilci ke damunsa ba. Haɗin ya fi ba shi riba a kan wahalarsa lokacin da aiki ya fi matsewa, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi hannu rabbana. Wannan bincike ya taimaka wajen sauya yadda ake kallon ƙaramin manomi a Afirka. Ba a yi masa ranar ƙaddamarwa ba. Zama aka yi aka saurara.

Ko juyin siyasa mafi girma da ƙasarmu ta gani, da zama ya fara. Kafin hijira zuwa Gudu a 1804, kafin Tafkin Kwatto, kafin faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru da ke ƙasar Maradun a yau. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen 1788 ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Abubuwa biyar ya roƙa, cikinsu har da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wanda bai zauna cikin mutane ba, ba zai san abin da zai roƙa musu ba. Bayan an fara samun nasara kuma, ƙaninsa Abdullahi ya ga wasu cikin jama'a sun karkata ga mulki da dukiya, bai yi shiru ba. Ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, ya rubuta wa masu mulki ƙa'idojin da za su bi. Wannan juyi ne da aka samu mai rubuta kurakuransa daga cikin gida, kuma ana karanta su har yau.

A zamaninmu mun ga ranaku masu yawa. Muna yara aka ƙirƙiri jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, aka yi ta murna. Muna firamare aka yi taron ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, manyanmu suka cika motoci suka tafi, suka dawo da fatan cewa zalunci ya ƙare. A watan Mayun 2019 hukuncin Kotun Ƙoli ya juya mulkin jiha daga wata jam'iyya zuwa wata a wuni ɗaya. Kowace rana cikin waɗannan ta zo da fata na gaskiya, kuma ba mu raina fatan iyayenmu. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne ranar da aka tara jama'a aka ce, ga abin da muka yi alkawari shekara goma baya, ga wanda ya yiwu, ga wanda ya faɗi, ga dalili.

Mu ma ba mu yi ba, sai da aka tilasta mana. Manhajarmu ta fara aiki da waɗanda ta karɓa. Da aka zo rabon taki, saƙo ya je wayoyinsu, waɗanda ke jerin da muka ce za mu waiwaya ba su ji komai ba. Wasu sun ji a bakin maƙwabta sun je, wasu sai bayan an gama. Dattijon nan yana cikin waɗanda suka rasa. Ba mu sani ba sai bayan wata biyu, domin manhajar ba ta da inda za ta nuna mana wanda ba ta sani ba. A allonmu komai kore ne.

Sai ga watan Satumban 2021, aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Manhajar da muka gina sai da intanet take numfashi, ta mutu murus tsawon makonni. Ruwa kuwa bai tsaya jiran mu ba. Magatakardan ƙungiyar manoman, wani malamin firamare mai ritaya, ya ɗauko tsohon littafinsa mai bangon kwali ya ci gaba da aiki. Da muka samu zuwa, ya ba mu muka duba. A shafin gonar dattijon akwai sunaye biyar, da na mai jingina a gefe da jan biro, da na ƙanwar a ƙasa, da ɗan rubutun ajami cewa bana wane ke riƙe da ita. Duk abin da rumbunmu ya ƙi, littafin naira ɗari biyu ya ɗauka.

"Malam, me ya sa ba ka nuna mana wannan tun farko ba?"

"Kun tambaya? Na ga kun taho da na'ura, na ce ƙila ta fi ni sani."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka rushe rumbun muka sake gini a kan littafin Malam. Yanzu gona tana iya samun magada ko nawa ne, da mai riƙe da ita bana, da mai jingina, da shuka iri-iri. Manhajar tana aiki ko babu intanet, ta aika bayanan in layi ya dawo. Shafin farko da take buɗewa ba na waɗanda aka yi wa rajista ba ne, na waɗanda ta kasa karɓa ne, kuma ba a rufe mako sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar juyin juya hali mun cire ta daga takardunmu.

Ba mu ce da ba a gina Bakolori ba. Mun ci shinkafarta, kuma wanda ya ga motocin da ke lodi a kasuwar Mafara ranar Talata ya san ruwan nan yana ciyar da mutane. A 2014 ma aka fara shirin Bankin Duniya na gyara manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na ciki, kuma wannan karon an ba ƙungiyoyin masu shan ruwa muhimmanci. Abin da muke cewa shi ne, an biya kuɗin wannan ruwa da abin da ba a rubuta a takardar kwangila ba, kuma mu da muka yi karatu da shi bashi ne a kanmu mu san adadin.

Mun je gidan dattijon mu ba shi haƙuri, da buhun taki a bayan babur. Ya sa aka kawo mana fura. Ya karɓi takin, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tambaya ko yanzu na'urar ta san sunan ƙanwarsa. Muka buɗe muka nuna masa. Ya sa aka kira ta daga cikin gida, ya ce mu karanta mata da ƙarfi ta ji da kunnenta.